Ni Na Juya Injin, Malam Mamuda

Daga Allah muka fito kuma can kowa ya nufa, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoban 1986, cikin watan Safar, Allah ya karɓi ran Malam Mamuda makanike a gidansa da ke Anka, bayan zazzaɓin da bai wuce kwana shida ba. Labarin bai same ni ba sai Laraba da hantsi a tashar Bukkuyum, daga bakin Haladu direba, wanda ya faɗe shi yana ɗaure kaya a saman mota bai ko juyo ba. Kafin in isa Anka, Malam, an daɗe da kai ka makwancinka.

Sunana Dikko, malamin dabbobi ne ni, kuma shekara takwas ke nan da sanina da kai. Tun ranar Larabar nan na kasa zama wuri ɗaya. Na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi sau nawa, domin abin da zan rubuta ba yabo ne kaɗai ba. Shekara uku ke nan ana kiran ka da sunan da ba ka cancanta ba a tashoshin Anka da Gummi da Bukkuyum, ana cewa ka ɓata aiki har dukiyar bayin Allah ta salwanta. Ba kai ka ɓata ba, ni ne. Na yi ta jiran ranar da zan faɗa maka, har ranar ta wuce ni.

Amma bari in fara da kai tukuna, don mutane su san wanda aka yi wa haka.

A 1978 na sayi tsohuwar Fijo 404 akori-kura, wadda ta ga duniya kafin ta gan ni. Ba ta yi wata uku a hannuna ba ta soma shan ruwa tana fitar da farin hayaƙi. Aka ce mini in aika Anka a kira Mamuda. Na tambayi inda garejinsa yake, aka yi mini dariya. Ba ka da gareji, kuma ba ka taɓa son ka yi ba. Kai ne kake zuwa gidan mai mota bisa babur ɗinka, da jakar fata a baya, ka yi aikin a tsakar gidansa ko a ƙofar zaurensa, shi kuma dole ya zauna ya gani. Kana cewa mai mota ya kamata ya san cikin abin da ke ɗauke da ransa.

Ranar farko na tsane ka, gaskiya. Na tada motar don ka ji kukanta, ka saurara, ka ce a kashe, sannan ka nemi inuwa ka zauna. Na ce ba za ka fara ba? Ka ce ba ka kwance kan inji da zafi, domin lanƙwashewa yake yi. Muka zauna har aka kawo fura, ka sha, ka tambaye ni yadda ake gane saniya tana da ciwon hanta, ka saurari amsar kamar wanda za a yi wa jarrabawa. Tun daga ranar ka raɗa mini Likita, alhali ka san takardata ba ta kai can ba, ni kuma ban taɓa hana ka ba.

Da injin ya huce na ga abin da ya sa ake haƙuri da kai. Ka sa aka shimfiɗa tabarma, ka ce a ɗaure awaki. Ka cire kan batir, ka zubar da ruwan lagireto, ka kwance kafireto da bututun salansa, kowane noti ka mayar da shi bakin ramin da ya fito ko ka ajiye shi a jere. Ka huda kwali rami takwas, ka soke sandunan bawul ɗaya bayan ɗaya, domin kowace sai ta koma inda ta saba. Manyan notocin kan injin kuwa, daga gefe ka faro kana sassauta su kaɗan-kaɗan kana nufo tsakiya. Da suka fita ba ka ɗaga kan sama ba, sai ka murɗa shi gefe a hankali har ya rabu da tsohon gaskit, shimfiɗar nan da ke tsakanin kan injin da jikinsa. A nan ka nuna mini kofuna huɗu na ƙarfe da fistin ke hawa da sauka a ciki, waɗanda kuke kira silif. Ka ce a irin wannan motar ba a like suke ba, kan injin ne ke danne su, kuma a gindin kowanne akwai siririn abin toshi da ke raba ruwa da baƙin mai. In silif ya ɗaga ko yaya, toshin ya tashi aiki.

Wajen mayarwa ma haka. Sabon gaskit kullum, ba ka taɓa mayar da tsoho ba ko da mai mota zai yi kuka. Ɗauri daga tsakiya zuwa gefe, zagaye uku, da wata sifana mai ma'auni da ka samo tun kana aiki da masu yin hanya, wadda kake naɗewa cikin tsohon zanen matarka. Bayan mako guda kuma, ba wanda ya kira ka, sai ga ƙarar babur ɗinka da sassafe, ka zo ka ƙara ɗaure notocin tun inji bai yi zafi ba. Mutane da yawa sun ɗauka gaisuwa ce kawai take kawo ka.

Na san abubuwa da yawa na kirkinka waɗanda ba ka so a faɗa. Na san daminar da motar da ke ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan bayan Daki Takwas ta mutu a bakin gulbi, ka kwana biyu a can cikin sauro, ka dawo da ƙafa kumbure ba ka gaya wa kowa inda ka je ba. Na san direbobin da ka koya wa aikin har suka daina kiran ka, kana kuma jin daɗin hakan. Lokacin da Innata ta kwanta ciwon ajali, kai ka riƙa biyowa da ganyen da ba ka ma san amfaninsa ba, don dai kada ka zo hannu sake. Ba ka da yawan magana, amma kana da tsokana. Duk sanda ka gan ni na sa hannu kusa da aikinka sai ka ce, "Likita, wagga ba saniya ba ta, mayar da hannunka aljihu."

Da ma na ji wannan maganar.

A 1983 ciwon bushiya ya faɗa wa shanu. Wanda ya ga shekarar nan ba ya bukatar in ba shi labari. Shanu na zawo, ido na ruwa, baki ya yi gyambo, garke na faɗuwa cikin kwanaki. Allurar rigakafi ta yi wuya, kuma ba ta jure zafi, sai a cikin ƙanƙara. Aka yi mana alkawarin ɗan abin da ya samu zai iso Gummi ranar wata Alhamis. Ni kuma na riga na yi wa Ardo Hammadu alkawari. Ardo dattijo ne mai garke babba a dajin yamma da Gummi, ciwon bai kai gare shi ba tukuna, amma ya zo rugar da ke makwabtaka da shi. Na ce masa ya tara shanunsa wuri ɗaya ranar Alhamis, kada ya gudu da su, ina zuwa.

Ana saura kwana biyar motata ta yi zafi ta ƙone gaskit. Na aika maka, ka zo Lahadi, ka kwance kan injin Litinin a tsakar gidana na Bukkuyum. Ka aza ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa ka ga haske na wucewa ta ƙasa, ka ce zafi ya lanƙwasa shi, sai an kai Gusau an goge shi ya daidaita. Ka naɗe shi cikin buhu ka ɗaure bayan babur. Kafin ka tafi ka sa duwatsu a tayoyi, ka rufe injin da tsumma, ka ce mini:

"Likita, abu guda ni ka roƙon ka. Kak ka bari kowa shi juya injin ga. Ko tura motag ga kak a yi. In silif yat tashi, ruwa za shi gamu da mai, kuma ba a gani sai an hau hanya."

Na ce na ji.

Ranar Talata da la'asar ina zaune ni kaɗai a tsakar gida, zuciyata na wajen shanu, na rasa abin yi da kaina. Na zagaya motar nan ya fi a ƙirga. Ni mutum ne da aikina ya saba mini da leƙa cikin abu, kuma hannuna ba ya zama, ka sha faɗa. Na ɗaga tsumman. Na ga fistin biyu a sama, biyu a ƙasa. Shekara biyar ina son in ga yadda suke motsi da idona. Ƙarfen nan da ake zurawa ta gaba a tada mota da hannu yana bayan kujera, ba ka ɗauke shi ba, domin ba ka zaci mai gidan ne abin tsoro ba. Na zura shi na murɗa, rabin zagaye kawai. Fistin suka motsa, na ji daɗi kamar ƙaramin yaro, sannan na ga bakin silif na uku ya taso sama da sauran, bai fi kaurin farce ba. Na danna shi da tafin hannu ya koma. Na goge wurin, na mayar da tsumma, na ce wa kaina ai ya koma.

Ka dawo Laraba da azahar, fuska duk jar ƙasa. A lokacin surukina ya zo daga ƙauye yana zaune bisa tabarma, ga limamin unguwarmu, ga makwabta biyu da suka zo jajen mota. Ka ɗaga tsumman ka tsaya. Ka bar fistin na ɗaya da na huɗu a sama, ka dawo ka tarar da su a ƙasa. Ni ko tunanin wannan ban yi ba.

Ka ce, "Likita, an taɓa injin ga?"

Na ce, "Ba wanda yat taɓa shi, Malam."

Ka dubi mutanen da ke zaune, sannan ka sassauta murya. "Ko wani ya jingina da motat ta ɗan gusa? Ana yin haka. Bari in hidda silif in sake musu toshi, kwana biyu na, sai in koma Gusau."

Ka buɗe mini ƙofar fita, ko makaho ya gan ta. Da na ce wataƙila, da shi ke nan. Amma ga surukina na kallo, ga Alhamis gobe, ga Ardo ya tara shanu. Na ɗaga murya na ce, "Shanu na mutuwa, Malam. Na ce maka ba a taɓa ba."

A garinmu ba a ƙaryata mutum a tsakar gidansa gaban surukinsa. Ka san haka, na san ka san haka, kuma da shi na kama ka. Ka ce, "To, Likita." Ka kankare tsohon gaskit, ka wanke fuskar injin da kananzir, ka aza sabo, ka ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, zagaye uku, ba ka rage komai ba. Ta tashi bugu ɗaya, mutane na sa maka albarka. Da za ka tafi ka ce in riƙa duba mai a hanya. In akwai laifinka a duk wannan, shi ne ka ji kunyata fiye da yadda na cancanta.

Alhamis na karɓi allura a Gummi cikin akwatin ƙanƙara, na shiga daji. Ban duba mai ba, sauri nake. Rana na tsaka ma'aunin zafin mota ya haye, injin ya soma ƙwanƙwasa, ya tsaya. Na zaro sandar mai na ga ya koma fari-fari mai kauri kamar kunun gyaɗa. Babu gari kusa. Na ɗauki akwatin a ka na taka har ƙarfina ya ƙare, na kwana a wata ruga, washegari aka ba ni jaki. Da na isa wajen Ardo ƙanƙara ta daɗe da zama ruwan ɗumi. Na yi wa shanun allurar duk da haka, ina sane ta mutu. Wata allurar ba ta sake zuwa ba sai bayan mako uku. Fulani ba sa ƙidaya shanu gaban mutane, ni ma ba zan ƙidaya masa ba, amma garken da ke cika fadama ya koma wanda inuwar itace biyu ke isa. Ban sani ba ko allurar za ta cece su da ta isa da rai. Na dai san ni na hana a gwada.

Ranar kasuwar Gummi Ardo ya tare ni gaban direbobi ya tambayi abin da ya faru. Na ce, "Motat ta, kwana guda da hitowatta hannun mai gyara." Babu kalmar ƙarya a ciki, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta fi ta ba. Kafin mako ya zagayo an raɗa maka Mamuda Mai Dama Kunu. Masu motoci suka soma kai aikinsu Gusau. Wanda ake bin layi kafin a same shi ya koma gyaran injin niƙa a ƙauyukan Anka, yana jiran mata su gama niƙa kafin ya sa sifana.

Me ka yi? Ka nemi mota ka je dajin ka jawo tawa, ka kwance injin gaba ɗaya a tsakar gidan nan dai, ka fitar da silif huɗu, ka sake toshi, ka mayar. Kwana huɗu muna tare, ba ka tada maganar ba. Bayan mako guda na ji ƙarar babur da sassafe, ka zo ƙara ɗauri. Muna mu biyu, ba suruki, ba liman. Na tsaya bayanka bakina cike da maganar, ka gama, ka naɗe sifanarka, ka tambayi lafiyar iyali, ka tafi. Na ce sai wani zuwan. Motar nan har yau ita nake hawa, ba ta ƙara shan ruwa ba, kuma da ita na zo gaisuwar mutuwarka.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka canza mini ba. Da ka daina gaishe ni da na sami sauƙi. Duk Sallah sai ka biyo, duk haɗuwa sai ka ce Likita. Sau ɗaya a tashar Anka wani ya kira ka da sunan nan ina tsaye, ka yi murmushi ka ce masa kunu ma abinci ne. Ni kuma na duƙa ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Na zauna zaman makokinka kwana uku a ƙofar gidanka. Babban ɗanka Saminu yana ta gode mini, yana gaya wa mutane wannan aminin Baba ne. Na ji masu gaisuwa na cewa mutumin kirki ne, sai dai aikin nan guda da ya ɓace masa, kowa da ranarsa. Na buɗe baki na rufe. A can ma na kasa.

Daga Anka ban koma gida ba, na wuce Gummi na shiga daji wajen Ardo Hammadu. Na same shi yana ɗaure 'yan maruƙa. Na faɗa masa komai a tsaye, tun daga ƙarfen da na zura har maganar da na yi a kasuwa. Na zaci zai zage ni saboda shanunsa, kuma na shirya. Bai ambaci shanu ba. Yana riƙe da igiya ya ce:

"Shekara ukku mutumin ga shina yi man sallama kasuwa, ina kau da kai. Sau guda hak hannu yam miƙo man, nib bar shi da hannu bisa iska gaban jama'a. Na ji rasuwatai, nic ce ba ni zuwa. Kai ka iya rubutu, Likita, ka rubuta ka ji sanyi. Ni wa za ni ba haƙuri?"

Da na juya zan tafi ya ce in dawo ranar Juma'a in ɗauke shi in kai shi Anka.

Shi ya sa na rubuta wannan yau, kuma zan sa shi a gidan waya zuwa gidan jarida kafin Juma'a, don kada in sake samun hanyar yin shiru. Duk wanda ya karanta, ina roƙonsa ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, musamman a tasha. Malam Mamuda bai ɓata injin Dikko ba. Ya yi gargaɗi, ya yi tambaya sau biyu, ya nemi a ba shi kwana biyu aka hana shi. Wanda ya taɓa kiran sa da sunan nan, daga bakina ya samo, ya nemi gafarar Allah ya bar sauran a wuyana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Malama Saude, wadda ta ga shekarun nan uku daga cikin gida, ta san abin da suka rage a tukunya da abin da suka rage a fuskar mijinta. Ina miƙa ta ga Saminu da Nana da Aisatu, da 'yan'uwa, da mutanen Anka baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ya tsaya muku, ya albarkaci abin da ya bari. Ban ce dole ku yafe mini ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za mu yi sallama a ƙofar gidanku, ni da Ardo. In kun ba mu tabarma mu zauna, in ba ku ba mu ba mu faɗa a tsaye.

Ya Allah, ga bawanka Mamuda ya zo gare ka. Ka jiƙan sa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi, ka sa ya huta. Ya rufa wa wani asiri a duniya har ya rasa sunansa a kai, ka rufa masa nasa ranar da ba mai rufawa sai kai. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Mu da muka saura ka kyautata ƙarshenmu, ni kuma ka ba ni ƙarfin da zan buɗe baki ranar Juma'a. Amin.